An Rene Ni a Matsayin Mace, Likitoci Sun Ce Ni Namiji Ne: Ya Halatta In Gyara Takarduna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Jos, wajen Anguwar Rogo, shekaruna 19. Da aka haife ni ungozoma ta ce mace ce, aka raɗa mini sunan mata, na tashi cikin hijabi, na yi Islamiyya a ajin 'yan mata. Ina shekara 14 murya ta buɗe, gashi ya fara tsiro mini a haɓa, ƙirji bai fito ba, al'ada kuma ban taɓa gani ba. Bara kawuna ya kai ni asibiti, aka yi hoton ciki da gwajin jini, likitoci suka ce ba ni da mahaifa, halittata ta namiji ce. Takardar haihuwata da NIN da sakamakon jarrabawa duk da sunan mata suke. Wasu a gida suna cewa in na sauya su na canza halittar Allah. Mahaifina kuma ya rasu shekara 3 da suka wuce, rabon mace aka ba ni. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, da saninna na kira ka ɗana, domin in abin da ka faɗa haka yake, kai namiji ne tun ranar da aka haife ka. Ungozoma abin da idonta ya gani ta faɗa, ba ta da laifi. Iyayenka ma ba su da shi, balle kai.

Wannan ba baƙon abu ba ne a fiƙihu. Malamai suna kiran wanda aka haifa da alamomi masu rikitarwa khunsa, mu Hausawa mu ce mata-maza. Duk wanda ya sauke Mukhtasar na Shaihu Khalil a zaure ya san da wannan mas'ala littafin ya ƙare. Ya ce a duba ta inda fitsari ke fita, a duba in gemu ya tsiro ko nono ya fito, in haila ta zo ko maniyyi, sannan ya rufe da kalma biyu: "fala ishkal", wato babu sauran rikitarwa. Ina tuna ranar da muka kai wannan layi, malaminmu ya rufe littafin ya ce mana, duk wanda ya zo muku da wannan lalura ku fara da kwantar masa da hankali kafin ku buɗe baki da hukunci. Kai gemu ya tsiro, haila ba ta zo ba. Ko da ma'aunin magabata kaɗai aka auna ka, ka fita daga rikitarwa.

Likitocin yau sun ƙara mana idon da magabata ba su da shi. Akwai yaron da tun yana ciki jikinsa ba ya sarrafa sinadarin maza yadda ya kamata, sai a haife shi da siffar mace daga waje, 'ya'yan marainansa a ɓoye cikin mara ko matsematsi. In balaga ta zo sinadarin ya yi ƙarfi, sai jiki ya bayyana abin da yake ɗauke da shi tun farko. Akwai kuma akasin haka, 'ya mace mai mahaifa da za a ɗauka namiji ce. Sai dai ina jan hankali: gwajin ƙwayoyin halitta shi kaɗai ba ya yanke magana, domin akwai wadda gwajinta zai nuna XY, wato tsarin ƙwayoyin halittar namiji, amma jikinta ya tashi na mace sosai, ba gemu har abada. Jiki gaba ɗaya ake dubawa. Saboda haka ka karɓi rahoto a rubuce daga ƙwararru fiye da ɗaya, da sa hannu da hatimi.

Masu ce maka ka canza halittar Allah, aya ta 119 a Suratun Nisa'i suke nufi, kuma ayar gaskiya ce, amma ba a kanka ta faɗa ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a Makka ta zauna a kan wannan a shekarar 1409 bayan Hijira, wato 1989, ta raba abin gida biyu. Wanda gaɓoɓinsa suka cika na namiji ko na mace, bai halatta a juya shi zuwa ɗaya jinsin ba. Wanda kuwa alamomi suka haɗu masa, a duba wanda ya rinjaya a yi masa magani a kai, da tiyata ko da allura, domin wannan lalura ce ake warkarwa. Ni ma a kan haka nake. Mai cikakkiyar halitta da yake jin zuciyarsa ba ta natsu da jinsinsa ba, ba zan ba shi fatawar sauya takarda ba, amma kuma ba zan yarda a doke shi ko a tozarta shi ba. Mai jinya ne da ke buƙatar malami mai haƙuri da likita mai amana.

Batun suna mai sauƙi ne. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya mayar da Barra ta zama Zainab, ya mayar da Asiya, mai ma'anar mai saɓo, ta zama Jamila, duk a cikin Sahihu Muslim. Zaɓi suna mai kyau na maza. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne sunan mahaifinka. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, kuma da ita ne aka daina cewa Zaidu ɗan Muhammadu aka koma Zaidu ɗan Harisa. Na faɗi haka ne don na san kunya tana iya sa mutum ya so share duk wata alama da za a gane shi da ita. Kada ka yi.

Takardar shaida kuwa sunanta ya faɗi aikinta: shaida ce, kuma taka yanzu ba daidai take bayarwa ba. Ka yi tunanin ranar da za ka miƙa ta a makarantar kwana a tura ka ɗakin 'yan mata, ko a asibiti a kwantar da kai a sashen mata, ko a filin jirgi za ka Hajji a ce mace ce za ta caje ka. Ka yi tunanin ajali ya riske ka a hanyar Bauchi ko ta Abuja, inda ba wanda ya san ka sai katin da ke aljihunka. Saboda waɗannan nake ganin gyaran ya wuce halas kawai, ya zama wajibi a kanka gwargwadon iko.

Hanyar da aka saba ita ce takardar rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, sannan ka bi Hukumar Ƙidaya don takardar haihuwa, da NIMC mai ba da NIN, da bankinka, da hukumar jarrabawa, rahoton likita yana hannunka. A nan zan gargaɗe ka. A bakin kotu za ka tarar da masu buga takarda, kowa da tebur da kwamfuta, rubutun a shirye yake suna kawai ake sauyawa. Wani zai ce maka a rubuta kuskuren bugu ne, ya fi sauri. Ka ƙi. Rantsuwa ce za ka yi, kuma gaskiyarka ta ishe ka. Wanda da gaske magatakarda ne ya danna masa harafin da ba nasa ba, shi ne zai rubuta haka.

Gado haƙƙinka ne, kuma rabon namiji ne. Ba ka faɗi yawanku ba, amma ga misali: a ce bayan an fitar da tumunin matar mamaci naira 600,000 ta rage tsakaninka da 'yan'uwa maza 2. Da aka lissafa ka mace, 120,000 ka samu, su 240,000 kowanne. A lissafin gaskiya 200,000 ce ta kowa, don haka kana bin kowannensu 40,000. Su biya, ko ka yafe da daɗin rai ba da matsin lamba ba. In gida ne ko fili, a zauna da masanin gado a sake lissafi.

Sallolinka na baya sun inganta, Juma'ar da ba ka je ba babu ramuwa. Daga yau sahun maza ne naka. 'Yan matan da kuka taso tare, waɗanda ba muharramanka ba, hukuncin hijabi ya shiga tsakaninku, kuma abin da ka gani ko ka ji a cikinsu a da amana ce, ka rufe shi har kabari. In aure ya taso, ka faɗa wa waliyyin yarinya abin da likita ya ce game da haihuwa tun kafin a sa rana.

'Yan gida da maƙwabta kuma su koma aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifa da laƙabi. Wanda ya ci gaba da kiranka da tsohon suna don ya ba mutane dariya, zunubi yake ɗauka. Ka roƙi kawunka ya je wurin limamin unguwarku tun kafin ranar da za ka fara shiga masallaci da hula, ya yi masa bayani, ya kuma tsaya kusa da kai a sahu a wannan Juma'ar ta farko. Allah ne mafi sani.