Faɗuwar gaba ta addabe ni: likitan ƙwaƙwalwa zan gani ko mai ba da shawara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Kano, shekarata 31, ina da aure da yara biyu. Kusan shekara guda ke nan ina fama da faɗuwar gaba ba gaira ba dalili. Wani lokaci ina tsaye a aji sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isata, in ji kamar kwanana ne ya ƙare. An yi min awon zuciya an ce lafiya lau. An yi ruƙiyya, na sha rubutu. Wata huɗu da suka wuce mai kemis ɗin unguwarmu ya ba ni Lexotan, kuma gaskiya yana kwantar min da hankali, sai dai yanzu ƙwaya ɗaya ba ta isata. Na tara 'yan kuɗi ina so in fara ganin ƙwararre a asibitin kuɗi, don kada a gan ni a layin asibitin ƙwaƙwalwa. To amma na rikice: wannan ya ce shi likita ne, wancan masanin halayya, wata a Instagram ta ce ita mai ba da shawara ce. Wa zan gani? Babban tsorona kada a ɗora ni kan maganin mahaukata in kasa rabuwa da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon fargaba mai zuwa da firgici kwatsam, kuma yana cikin cututtukan da suka fi jin magani a fanninmu. Sai an gan ki ido da ido za a tabbatar. A kuma duba jininki da yadda maƙoƙo (thyroid) da ke wuya yake aiki, domin ƙarancin jini da yawan aikin maƙoƙo duk suna sa bugun zuciya irin wannan, haka ma yawan kofi da lemun ƙara kuzari.

Da a ce ba ki shan komai, da sai in ce ki fara da masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, wato wanda ya yi digiri na biyu a wannan fanni kuma ya samu horo a kan marasa lafiya. Shi aikinsa jinya ta hanyar zama da tattaunawa, ba ya rubuta magani. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa likita ne cikakke, ya gama makarantar likitanci, ya ƙara shekaru yana ƙwarewa, yana da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, shi ke gano cuta ya rubuta magani. Akwai nas ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, wadda a garuruwa da yawa ita ce ke riƙe da aikin, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Mai ba da shawara na gaskiya yana da amfani a rikicin aure, rashin wani naka ko matsalar aiki, amma ciwon firgici ya fi ƙarfinsa. Ke dai, saboda wata huɗun nan na Lexotan, likitan ƙwaƙwalwa za ki fara gani. Babu zaɓi a nan.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a wasiƙarki. Kina tsoron mu ɗora ki kan maganin da ba za ki iya rabuwa da shi ba, alhali wanda ke cikin jakarki shi ne mai kama mutum. An guje wa gara an faɗa gidan zago. Kullum sai na ga irin wannan a ɗakin duba marasa lafiya: mace mai hankali, mai ilimi, ta ƙi zuwa wurinmu shekara da shekaru don kada a ce ta haukace, amma tana karɓar ƙwaya a ƙullin leda daga hannun yaron kemis da ko takardar likita bai tambaya ba. Wai "ɗan maganin barci ne kawai, Hajiya."

Lexotan sunan kamfani ne, maganin shi ne bromazepam, ɗan gida ɗaya da diazepam da matasa ke kira D5, da Rohypnol da suke kira roci. Cikin ƙasa da awa ɗaya yake sa jiki ya yi sanyi, shi ya sa mutane ke rantsuwa da shi. Amma bai taɓa tushen ciwon ba. Ƙwaƙwalwa takan saba da shi cikin 'yan makonni, sai ɗaya ta daina isa, sai biyu, kamar yadda kika gani da kanki. Idan ƙarfinsa ya fara sauka a jini sai fargabar ta dawo fiye da da, mutum ya ɗauka ciwonsa ne ya ƙaru, ya ƙara ƙwaya. Shi ya sa ko mu da muke rubuta shi, ƙa'ida ita ce kada ya wuce mako 2 zuwa 4. Mai kemis ba ruwansa da wannan ƙa'ida, domin ke ciniki ce mai dawowa duk mako. Idan kuma aka haɗa shi da kodin ko tramadol, yana iya danne numfashi mutum ya kwanta bai tashi ba. Ba a bar dattawa a baya ba, su ma ana ba su "don barci", su tashi da dare jiri ya kwashe su, ƙugu ya karye, a ce tsautsayi.

Sai dai ki ji ni da kyau: kada ki karanta wannan ki zubar da shi yau. Tsayar da shi lokaci ɗaya bayan watanni yana kawo rawar jiki, rashin barci, fargaba mai tsanani, har jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake rage shi, cikin makonni ko watanni, a hannun likita. Ki faɗa masa ainihin adadin da kike sha, ban da ragi don kunya. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, wannan ma ki faɗa tun a zaman farko.

Maganin da kike gudu kuwa, irin su sertraline da escitalopram, ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari. Aibinsa jinkiri: sai mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, kuma a makon farko wasu kan ji tashin zuciya ko fargabar ta ɗan ƙaru. A nan da yawa ke yar da shi su ce ba ya aiki, su koma kemis. Akan ci gaba da sha watanni bayan an samu sauƙi, shi ma a sauke shi a hankali. Ba kowa ne ma ke buƙatarsa ba.

Batun zaman tattaunawa da za ki biya kuɗi a kai, ki nemi wanda ya iya CBT, wato jinya ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a. Ba hira ba ce ta "yi haƙuri, ki cire damuwa a ranki." Zama ne na kimanin minti 50 sau ɗaya a mako, galibi zama 8 zuwa 20, inda za a koya miki gane yadda bugun zuciya ke haifar da tunanin mutuwa, tunanin kuma ya ƙara bugun, sannan a sa ki tunkari abin da kike gudu kaɗan-kaɗan. Akwai aikin gida, ke da kike malama kin san abin da ake nufi. Kafin ki ba da ko sisi, ki tambaye shi inda ya yi karatu, da asibitin da ya yi horo, da yawan zaman da yake hasashe, da kuɗin kowane zama, da kuma wa zai ga bayananki. Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce zai warkar da ke a zama ɗaya, ko yana sayar da nasa haɗin, ko ya ce ki biya kuɗin wata shida a dunƙule, ki kama gabanki. Buga kati da buɗe shafi a Instagram ba ya buƙatar takardar kowa.

Addu'a da azkar ki riƙe su, ba su taɓa karo da magani ba. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai cewa ki ajiye maganin asibiti don wai yana ƙara wa aljani ƙarfi.

Idan kuɗin suka gaza a hanya, sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan, da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma sau da yawa likitan da za ki biya da yamma a asibitin kuɗi shi ne ke duba mutane a can da safe. Idan kuwa kika fara jin tunanin cutar da kanki, ko jijjiga ta kama ki, kada ki jira ranar ganin likita, a kai ki sashen gaggawa a ranar. In za ki je zaman farko, ki tafi da takardar awon zuciyar da kwalin Lexotan ɗin a hannu.