Likita ya amsa: barkono, attaruhu da lafiyar iyali

Tambaya: Ƙanena da ke karatu a Indiya ya ce barkononsu ya fi namu zafi. Gaskiya ne?

Amsa: Ya danganta da wanda ya ci. Barkonon Kashmir ja ne wur amma zafinsa kaɗan ne, don launi ake zuba shi a miya. Shi kuwa bhut jolokia na jihar Assam ya haura miliyan ɗaya a ma'aunin zafi na Scoville, alhali attaruhunmu bai wuce 100,000 zuwa 350,000 ba. Dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito, 'yan Fotugal ne suka yaɗa su zuwa Afirka da Asiya bayan 1492. In ya kawo maka tsaraba, ka ɗanɗana kaɗan, ban da yara.

Tambaya: In yaji ya kama bakina, ko na sha ruwa ba ya lafawa.

Amsa: Sinadarin da ke kawo zafin, kafsaisin, ba ya narkewa a ruwa. Sha madara ko kindirmo.

Tambaya: Ina da gyambon ciki. An ce attaruhu ne ya jawo mini.

Amsa: Yaji yana iya tayar maka da ciwon, amma ba shi ya haifar da shi ba. Yawanci wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ba da takardar likita ba. Rage yaji in yana damunka, ka je a gwada ka. In ka ga bayan gida baƙi ƙirin ko aman jini, asibiti a ranar, kada ka kwana.

Tambaya: Ɗana mai shekara biyu ya yi jijjiga da zazzaɓi. Surukata ta turara masa barkono a garwashi, ta ce iska ce. Ya farfaɗo. In ta sake faruwa in yi masa haka?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, don Allah kada ki sake bari a yi masa. Na san surukarki ceton jikanta take nufi, na kuma san da wuya ki musa mata a cikin gida. Amma wannan al'ada tana ƙona mini rai ƙwarai.

Ba hayaƙin ne ya farfaɗo da shi ba. Jijjigar zazzaɓi takan tsaya da kanta cikin 'yan mintoci, sai a yaba wa barkono. Abin da hayaƙin ke yi shi ne ƙona ido da maƙogwaro da shaƙe hanyar numfashi, ga yaron da dama numfashinsa ya rikice. Ke da kike babba, in ana soya attaruhu ba ki tari? To yaya huhun ɗan shekara biyu? Ga garwashi kusa da yaron da ke fizge-fizge, ƙuna ba ta da wuya.

In jijjigar ta sake faruwa, ki kwantar da shi a gefensa, ki sassauta masa riga, ki janye duk abin da zai buge. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko man ja, zai iya sarƙewa. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ku ɗauke shi a haka ku nufi asibiti.

Ko ta tsaya ma, ku je. A wajenmu zazzaɓi da jijjiga na iya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, kuma ba a gane su da ido a gida. Ki sa mahaifinsa ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayani cikin ladabi, kuma ku kai yaron a duba shi cikin makon nan ko da kin ga yana wasa.