Muryar da aka rubuta: amsa ga mai son fara zuba giyarsa a kegi

Barkanmu da yamma 'yan uwa. Ɗan uwana da ya yi tambaya ɗazu, wanda ya ce ya gaji da wankin kwalabe, yana son ya koma zuba giyar da yake haɗawa a kegi, wato tankin ƙarfe mai riƙe matsin gas, amma bai san ta inda zai fara ba, to ga amsarka. Bayanin yana da ɗan tsawo, shi ya sa na ga gara in yi murya.

Wanda yawancinmu ke amfani da shi, shi ne wanda ake kira Cornelius, mai cin lita 19. Asalinsa ma ba don giya aka ƙera shi ba, kamfanonin lemo ne ke zuba lemo a ciki. Iri biyu ne, akwai mai makullin ƙwallo, irin na Pepsi, akwai mai makullin fil, irin na Coca-Cola. Duk wanda ka ɗauka zai yi maka aiki, amma ka tsaya kan iri ɗaya, don bakinsu ba ya shiga na juna. Bayan kegi, sai tukunyar iskar CO2, wato gas ɗin da ke sa giya kumfa, da regileta mai daidaita matsin gas, da tiyo biyu, da famfo. Sai firji, kuma shi firjin nan kada ka ce sai daga baya.

Dalili kuwa, ruwa mai sanyi ya fi shan gas. Idan giyarka tana digiri 3 zuwa 4 na Celsius, ka saita regileta a PSI 10 zuwa 12 (PSI ma'aunin matsi ne), ka rufe firji, ka bar ta kwana 10 zuwa 14. Shi ke nan. Idan kuwa da ɗumi take, sai ka ninka matsin nan kafin ta sha gas ɗin da ake so, kuma in ka zo tsiyaya kumfa ce kawai za ta cika maka kofi. Na san akwai masu kai shi PSI 30 na kwana ɗaya don gaggawa, wasu har su riƙa girgiza kegin. Yana yi, ban ce ba ya yi ba. Amma ni ba na ba sabon shiga wannan shawarar, domin in gas ya yi yawa, fitar da shi ya fi sa shi wuya. Ka fara da hanyar haƙuri tukuna, sai hannunka ya faɗa.

Yauwa, abin da na fi son ka riƙe shi ne maganar yoyo. In kegi na hannu ka saya, akwai zoben roba guda 5 a jikinsa: ɗaya a murfi, biyu a bakunan sama, biyu a bututun ciki. Ka canza su duka, ko da ka ga kamar da sauransu. Tsofaffin suna riƙe warin lemo, kuma ta nan iska ke zurarewa. Ni kaina abin ya taɓa cina. Na cika tukunyar gas, na haɗa komai da daddare, bayan kwana biyu na tarar babu ko ɗigo a ciki, ashe wani ɗan noti ne ban ɗaure da kyau ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga ranar, duk lokacin da na haɗa, sai na fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ka ga yana fitar da ƙananan kumfa, nan ne ɓarakar. Kuma kada agogon tukunya ya ruɗe ka, allurarsa ba ta sauka sai gas ya kusa ƙarewa, saboda ruwa-ruwa gas ɗin yake a ciki. Ka ɗora ta a sikeli, nauyinta ba komai a ciki yana rubuce a wuyanta, sai ka cire shi daga abin da sikeli ya nuna, ka san gas ɗin da ya rage.

Sannan iskar oksijin. Ita ce ke kashe ɗanɗanon giya, ta mai da shi kamar jiƙaƙƙen kwali. Yadda nake yi, ina cika kegi maƙil da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, irin su Star San, in tura shi waje da CO2 ta famfo. Ka ga ciki ya zama gas zalla. Sai in shigar da giyar ta bakin da take fita, ta sauka ƙasa a hankali ba tare da fantsama ba. In ba za ka iya haka ba tukuna, to bayan ka zuba ka rufe, ka ba shi gas, ka ja zoben sakin iska na murfi, ka maimaita sau huɗu ko biyar. Kada dai ka wanke kegi da bilic, yana cin ƙarfen.

Tiyon famfo kuma, mai ramin kusan milimita 5, ka ba shi tsawon mita 3. Gajeren tiyo shi ne ke jawo yawancin kukan kumfa da ake yi a nan zauren. In za ka tsiyaya, ka buɗe famfo gaba ɗaya, buɗe shi rabi-rabi yana ƙara kumfa. Kofin farko zai fito da lakar yis, wannan ba matsala ba ce, ka zubar.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: tukunyar gas a tsaye take zama, a ɗaure, nesa da zafi. CO2 ya fi iska nauyi, ba ka ganinsa, in ya zuba a ƙaramin ɗaki rufaffe zai iya sumar da mutum. Haka kuma kafin ka buɗe murfin kegi, ka saki matsin ciki tukuna.

In kayan sun iso, ka turo hoton yadda ka haɗa su kafin ka buɗe gas, mu duba maka tare.