Aikin Sa-kai na Tsare Kunkurun Teku a Gaɓar Ada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a unguwar Nima da ke Akra. Ina sha'awar aikin sa-kai na tsare kunkurun teku a Ada, garin nan na bakin teku a Gana. Me ake yi a zahiri, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara bi ta hannun jami'an namun daji na Hukumar Gandun Daji masu kula da yankin Songor da ke Ada, wanda ya shiga jerin Ramsar, wato jerin muhimman wuraren dausayi na duniya, a 1992. Tun 1971 dokar Gana ta hana kama kunkurun teku, don haka kada ka taɓa shi ko ƙwansa sai da jami'i a tsaye.

Aikin na dare ne, ya fi yawa daga Oktoba zuwa Maris. Za ku bi gaɓa a ƙafa kuna neman sawun macen da ta fito yin ƙwai. Iri 3 ne suka fi hawowa: ƙaramin mai launin zaitun, koren, da ƙaton nan mai bayan fata. In kun same ta, ku tsaya ta bayanta, ku yi shiru har ta fara zuba ƙwai, sannan a auna bayanta, a rubuta wuri da lokaci. Jar tocila kaɗai ake kunnawa. Farin haske, har da na waya, yakan sa ta fasa ta koma ruwa.

Inda sababbi suka fi yin ɓarna shi ne wajen ɗauke ƙwai. Mace ɗaya takan zuba kusan 100, kuma ba a ɗauke su sai in igiyar ruwa za ta cinye ramin, ko karnuka da aladu za su tone shi. A kwashe cikin sa'o'in farko, kowane ƙwai yadda aka same shi, ba juyawa ba girgizawa, domin ɗan tayin yana manne wa ɓawo daga ciki. Da an juya, ya mutu. Sabon ramin ya yi zurfin na asali, saboda zafin yashi ne ke raba maza da mata: in ya haura kusan digiri 29, mata sun fi yawa. Ana ƙyanƙyashewa bayan kusan wata 2. Ka bar 'ya'yan su rarrafa da kansu, kada ka ajiye su a bokiti don a ɗauki hoto.

Wayar da kai kuwa, kada ka je wa masunta da wa'azi. Wanda kunkuru ya yaga wa raga asara ya yi, ka saurare shi tukuna. Mutanen Ada da dama ba sa cin kunkuru bisa al'ada, sai ka ɗora maganarka a kan wannan. Yaran makaranta ka nuna musu leda cikin ruwa: ƙaton kunkurun yana haɗiye ta a zaton abincinsa ne, ta toshe masa hanji.