Amsar tambayarka kan bargon ƙyallaye

Wa'alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya da dare amma ba wuta unguwarmu waya ta mutu, sai yanzu da na yi caji a shago. Tambaya biyu ka haɗa mani. Ka ce ranar da ka kawo saƙo gida ka ga bargon nan na ƙyallaye shimfiɗe a zaure, ka koma ka gwada haɗa naka amma ya tattare ya karkace, kusurwa ta ƙi haɗuwa da kusurwa, mi ya jawo. Sannan ka ce wai ni ba ni gajiya ne, in wuni bisa keke tun hantsi har la'asar sakaliya kuma in koma gida in ɗauki allura kan abin da ba mai biya na ko sisi.

Kafin komai, ƙyallen da ka yi aiki da shi ina ka samo shi? Ba zarginka nake ba, na san halinka, amma wanga shi ne farkon karatun. Ragowar yadin mutum nashi ne. In ya kai wanda zai yi hular yaro ko aljihu ka ninke ka sa mashi cikin leda tare da kayanshi, ƙananan da sunka zube ƙarƙashin tebur su ma ka buɗe baki ka ce Alhaji waɗanga fa, mafi yawa za su ce ka riƙe, to sannan ya zama naka. Ban son ka lulluɓa da abin da ke da nauyin wani bisa wuyanka.

To yanzu aikin. Ko ban ga naka ba na san ba ka wanke ƙyallayen ba kafin ka yanka. Atamfa tana shiga in ta sha ruwa, shadda kuma da ƙarfinta take zuwa sai an wanke take saki, wani yadin roba ne ba ya motsi ko kaɗan, to in ka haɗa su ukun haka nan wankin farko kowa zai ja nashi wuri, shi ne tattarewar da ka gani. Jiƙa su daban daban, masu duhu gefe masu haske gefe. Na farkon da na taɓa yi akwai wata jar atamfa da ban gwada ba, ranar da anka wanke shi ta zuba bisa farar shadda duk ta koma ruwan hoda, aikin kusan wata biyu, abin ya yi mani ciwo ƙwarai. Tun daga nan duk ƙyallen da na ga ruwanshi ya canza kala a bokiti ba ya shiga bargona. In sun bushe ka goge su sumul, kada ka yanka yadi da tamoji.

Sai yanka. Kada ka auna da ido, kada kuma ka riƙa auna kowane da tef, hannu zai riƙa kaucewa. Samu kwali mai kauri ka yanka murabba'i inci 5 ta kowane gefe, shi za ka riƙa ɗorawa kana zagayewa da alli. Kuma ka duba yadda zaren yadin ya kwanta ka bi shi miƙe, in ka yanka a karkace ƙyallen zai riƙa miƙewa awa roba ƙarƙashin ƙafar keke, ka ga na sama ya fi na ƙasa tsawo alhali tare ka yanka su. Ina kyautata zaton nan ne naka ya karkace don masu koyo suna son cinye ƙyalle duka sai su juya kwalin yadda ya samu wuri.

Bakin ɗinki rabin inci, ko'ina rabin inci, ba nan rabi can kwata ba. Ka manna ɗan selotef bisa farantin keken daidai rabin inci daga allura ka riƙa bin shi. Inci 5 in ka cire rabi ta nan rabi ta can saura 4, don haka in kana son bargo mai faɗin inci 60 da tsawon 80 kana buƙatar 15 a jere sau layi 20, guda 300 ke nan. Ka ga kuskuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba in ya maimaitu sau 15 a layi ɗaya ya zama babban abu. Haɗa layi layi tukuna, in ka gama layi ka kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga, na farko duka su kalli dama na biyu duka su kalli hagu, haka haka, sai ka ga in ka zo haɗa layukan sun shige juna da kansu kusurwa ta zauna bisa kusurwa, kuma wurin bai yi tudun da zai karya maka allura ba.

Bargon hawa uku ne, fuskar da ka haɗa, sai ciki, sai shafi na baya. Ni tsohon bargo da ya sha jiki nake sawa ciki ko tsofaffin zannuwa biyu, sun fi auduga sauƙin sha'ani don ba su dunƙulewa. Shimfiɗa su bisa tabarma ka miƙe, ka kama su da manyan ɗinki na hannu, ka fara daga tsakiya kana fita waje, in ka fara daga baki duk iskar da kumburin za su taru maka a tsakiya. Tsakanin layin ɗinki da wani kada ya wuce faɗin tafin hannu. Wanga hawan da hannu nake yi ba da keke ba, mutanen Bangaladash ma haka suke yi da tsofaffin zannuwan matansu, kantha suke ce mashi, ɗinki ne miƙe, sai dai nasu ƙanana ƙanana ne.

Batun gajiya kuwa, wallahi ina gajiya, bayan nan nawa ya san shekarun da ya yi bisa keke. Amma gajiyar shago ba ta ɗinki ba ce ɗana, ta mutane ce. Ka gani da idonka cikin azumin da ya wuce, wanga na tsaye bisa kanka yana cewa gobe ɗaurin aure, wancan na bugo waya, wuta ta ɗauke, zuciya na sama. A gida bayan isha'i in na jawo buhun ƙyallayen nan ba mai jira na, in na ga dama in haɗa guda goma in na ga dama in warware su duka don shuɗin bai zauna kusa da ɗorawar ba. Kuma kowane ƙyalle na san shi, akwai na rigar sunan ɗiyata ta fari, akwai na wani dattijo abokin cinikinmu da Allah ya yi ma rasuwa, in hannuna ya kai wurin sai in yi mashi addu'a. In hunturu ya shigo Disamba da Janairu iskar nan ta asuba na kaɗawa, in leƙa in ga yara sun dunƙule cikin abin da na haɗa da hannuna, daɗin da nake ji kuɗin ɗinki bai taɓa ba ni irinshi ba. Kuma ka sani miƙewar ɗinkina da kake yabo a wuyan kaftani, a wurin waɗanga murabba'an hannuna ya same ta, don su ba su ɓoye kuskure.

Lambun da ka gani bayan ɗaki shi ma haka ne. Ƙasarmu rairayi ce ba ta riƙe ruwa, sai na cika buhunan siminti da ƙasa haɗe da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, ɗanye ƙone shuka yake yi. Irin tonka da tumatir daga wurin masu fadama na Kwalkwalawa nake karɓowa, sure da guro kuwa iri na nake ajewa. Zogalar tana daidai inda muke alwala, ruwan bai tafi a banza, in ta kai ƙirji in sare kanta don ta yi rassa. Watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ban ba su ruwa sai da asuba da bayan la'asar, kuma in yi masu rumfa da tsohon gidan sauro. Ranar Juma'a da ba mu buɗe shago da wuri ni da kaina nake tsinko zogalar in dafa in kwaɗa da ƙuli da albasa da ɗan manja, kowa ya sa hannu.

Kada ka jefar da naka. Ka zo da shi ranar Asabar da safe kafin mutane su fara shigowa, ka taho da reza sabuwa da kwalin indomi guda, mu warware layi biyu na farko tare in nuna maka yadda ake gane kwanciyar zare. Ka gaishe mani da Baba, ya ƙafar tashi?