Faifan Fulofin Da Baba Ya Bari

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar faifan fulofi, wato tsohon faifan ajiyar bayanan kwamfuta, ɗauke da lissafin shagonsa da wasiƙun dangi na Kano. Yaya zan ceto su? Mai karatu daga Jidda.

Amsa: Allah Ya jiƙansa da rahama. Ɗana, kada ka yi jinkiri, zafin Jidda da laimar teku suna cin faifan nan, kuma kamfanin Sony ya daina ƙera shi tun 2011. Nemi na'urar karanta fulofi mai USB. Kafin ka saka faifan, tura ɗan makullin da ke kusurwarsa har kafar ta buɗe, don kada a rubuta komai a kai. Kwafe duka lokaci guda, ka adana wuri biyu. Wanda ya yi fumfuna kai wa gwani, don in ka saka shi zai ɓata na'urar. In kwamfuta ta nemi sabunta faifan, wato "format", kada ka yarda, gogewa za ta yi.