Kuɗin sufuri na cinye ribar riɗina, nisa ne kaɗai dalili?

Tambaya: Ina sarin riɗi a kudancin Cadi ina fitarwa ta tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru. Mai saye a Turkiyya ya yaba kayan, amma ya ce farashina ya fi na wasu ƙasashe. Ina gyaran yake?

Amsa: Alhaji, nisa yana da nasa kaso, tunda Cadi ba ta da teku, kuma daga Njamena zuwa Duwala kusan kilomita 1,800 ne. Amma kwanakin da kaya ke yi a tsaye sun fi nisan cin kuɗi. Mota na jiran takardar duwan (kwastan), tana jira a shinge, tana jira a ma'aunin nauyi, mai ita kuwa duk ya lissafa wannan a kuɗin da ya yanka maka. Idan kuma jirgin ruwan da aka yi maka alkawari ya tashi babu kayanka, ga kuɗin ajiya, ga mai saye yana ƙorafi. Kamfanonin waje sukan ɗan ƙara kuɗi ga wanda ke cika alkawarin rana.

Tunda a kudu kake saye, kada kayan su hau Njamena. Bi hanyar Mundu zuwa Tuboro zuwa Ngaundere, ka huta da Kuseri da titin Mora zuwa Dabanga mai wahalar da motoci da damina. A Ngaundere layin dogon Camrail, kamfanin jirgin ƙasa na Kamaru, ya ƙare. Gwada farashin jirgin ƙasa da na mota kafin ka yanke, ka tambayi kwana nawa ake jiran tarago.

Sai kwantena. Cadi ta fi shigo da kaya a kwantena fiye da fitarwa, saboda haka da yawa suna komawa Duwala wayam. Nemi mai mota da ya sauke kaya zai juya, shi ne ke sassauta farashi. Yarjejeniyar da Cadi da Kamaru suka yi a 1999 ta ba motocin Cadi kashi 65 na jigilar kayan Cadi da ke bi ta Kamaru, na Kamaru 35, kuma BGFT, ofishin kula da jigilar kaya ta hanyar ƙasa, shi ne ke kula da rabon a ɓangaren Kamaru, don haka takardar ɗaukar kaya ta fito kafin a yi lodi.

Riɗin kansa ya bushe sosai, a tankaɗe ƙasa da tsakuwa tun a sito, don kada ka biya kuɗin jigilar datti. Mai danshi kuwa fumfuna yake yi a zafin Duwala. Takardar lafiyar tsiro da ta asalin kaya su kasance a hannun mai fito maka da kaya tun mota ba ta tashi ba. Ka kuma tambayi farashin tashar Kiribi ta Kamaru, wadda ta fara aiki a 2018, manyan jirage na iya tsayawa a can.